Banɗakin da Ke Jiran Amsa

Ruwan yana zuba siriri a cikin kwanon masai, shiii, kamar ana tankaɗen gari a wani ɗaki mai nisa. Kwana uku ke nan bai tsaya ba. Duk bayan minti biyar kuma sai wata murya mai ladabi ta fito daga bango ta ce, "Hajiya, kin gama?" Ba mai amsawa. Ruwan ya ci gaba da tafiyarsa.

A Birnin Tsauni aka yi wannan, shekara ta dubu biyu da ɗari da arba'in, zamanin da rijiyoyi suka ƙafe aka koma tatsar gajimare. A saman birnin akwai dogayen hasumiyoyi da ake kira matatsa, masu raga irin ta masunta, suna kama raɓa da gajimare su tatse su kamar saniya. Ruwan da aka samu Ƙwaƙwalwar Gari ce ke raba shi, wata babbar kwamfuta da ke ƙarƙashin ƙasa. Dokarta a kan ɓarna ba ta da sassauci: gidan da ya zubar da ruwa kwana uku a rufe masa bututu da azahar. In kuma tsoho ne shi kaɗai a ciki, a kai shi Gidan Hutu, a ba wani ɗakin.

Gwaggo Kulu tsohuwa ce, ita kaɗai, a hawa na goma sha tara. Yau ce rana ta uku.

Da hantsi Haladu mai gyaran famfo ya iso da jakarsa. Shekara talatin yana wannan sana'a, a hannun ubansa ya gada. Yanzu mutum-mutumi sun ƙwace yawancin aikin, shi ba a kiransa sai sun gaza. Wannan ba ya ɓata masa rai. Yakan ce likitan da ake nema bayan an fid da rai shi ne likita.

"Sannu da zuwa, mai famfo," in ji Gwaggo. "Kai ne na uku. Biyun farko ƙarfe ne, ko gaisuwa ba su iya ba."

"Ni dai da jini a jikina, Gwaggo. Ina mara lafiyar?"

Ya shiga, ya ɗaga murfin tanki. Ƙwallon da ke tasowa in tanki ya cika lafiyarsa lau. Robar toshiya sabuwa ce dal, mutum-mutumi sun canja ta har sau biyu. Sarƙa ba ta harɗe ba. Ya kafa sukundireba a jikin bututu, ya ɗora kunne a kan ƙotar. Haladu na son wannan ƙwarai, don kowane bututu da irin kukansa, wani na gunaguni, wani kamar sauro. Wannan kuwa ba kukan yoyo yake ba. Ruwan na tafiya daidai wa daida, kamar wanda aka aika. Na'urar da ke magana a bango ce ke riƙe da ƙofar ruwan da gangan.

"Hajiya, kin gama?" in ji bango.

Haladu ya so ya tambayi Gwaggo wani abu. Sai ya ga ya mayar da murfi, ya fito da ƙafar dama, ya ja ƙofa, sannan bakinsa ya yarda ya buɗe. Ya tsaya yana kallon ƙafarsa. Can ya fashe da dariya.

Ga yadda abin yake. Na'urar sunanta Mai-Ji, makon jiya aka kawo ta tsohuwar unguwa, kwana uku ke nan da sa ta a ɗakin Gwaggo. Muddin mutum na ciki tana sakin ruwa siriri don tsabta, in ya ce "na gama" ta kora gaba ɗaya ta rufe. Da farko an so a sa mata ido ta ga fitar mutum, majalisar birni ta ce ba a sa ido a makewayi. Sai aka ba ta kunne da baki. Yaran zamani, waɗanda suka tashi suna hira da firiji da ƙofa, ba su ga komai a ciki ba.

"Gwaggo, in ta tambaye ki, me kike ce mata?"

"In ce mata me? A banɗaki? Ɗan nan, wa ya raine ka? Shekara tamanin da ɗaya ban taɓa buɗe baki a can ba. Ko sallama aka yi, gyaran murya nake. Kuma abin da ke magana a banɗaki ba a amsa masa, kowa ya san ko wane ne."

Haladu ya taɓa agogon hannunsa ya kira Ofishin Ruwa. Injiniya Nafi'u ya ɗauka, wanda shi ne ya ƙera Mai-Ji da kansa, shekara bakwai yana koya mata harsuna tara.

"Malam Haladu, rahoto na gabana. Na'ura ba ta da laifi. An rubuta cewa mai gidan ce ba ta fahimtar tambaya."

"Tana fahimta, ranka ya daɗe. Tarbiyya ce ta rufe mata baki."

"Kalma biyu ce fa. Ka lallashe ta. Saura awa biyu azahar."

"Ka gaya masa gara a kai ni Gidan Hutun," in ji Gwaggo da ƙarfi. Amma Haladu ya ga yadda ta dafa bangon ɗakin da tafin hannu, kamar mai shafa bayan akuyar da za a kai kasuwa.

Ya yi tunani. "Gwaggo, ai in kin fito kina addu'a. In na fito da kunnen waje, ta ji addu'ar ta rufe ruwan fa?"

"Addu'ata ta Ubangiji ce, ba ta kora ruwa ba. Sake dabara."

Ya koma ya tsuguna. Sai idonsa ya sauka kan butarta, koriya, a gefen dama. Ya ɗaga ta. Gindinta har ya yi zobe a ƙasa, don Gwaggo ba ta taɓa ajiye ta ko da taƙi ɗaya daga wurin ba. Mai shiga zai ɗauki buta, mai fita zai ajiye. Ashe amsar tana nan kullum, ba da baki ake ba da ita ba.

Ya zazzage jaka. Ya sami guntun katako, da sifirin na tsohuwar kujera, da wayar birkin keke da ya tsinta shekara goma da suka wuce, matarsa na ta cewa ya yar. Ya kwance kunnen Mai-Ji da bakinta ya ajiye gefe. Ya kafa katakon a kan sifirin daidai wurin zoben, ya ja wayar ta bayan tanki ya ɗaura a ƙofar ruwan. Sau uku yana rage tsawonta, gumi na ɗiga daga gemunsa. Sannan ya fito.

"Bisimilla, Gwaggo. Ɗauki, ki ajiye."

Ta ɗauki buta, ruwa ya zubo siriri. Ta ajiye, ya kora da ƙarfi, tanki ya cika, ƙwallo ya taso. Tsit. Suka tsaya a ƙofa suna sauraren shirun kamar masu jin kiɗa. Daga nesa ladan ya fara gyara lasifika.

"Kai, ka haifu," in ji Gwaggo.

Haladu ya goge hannu a hankali, yatsa bayan yatsa, don kada ta ga yadda kansa ya kumbura.

Agogo ya yi ƙara. Muryar Injiniya ta canja. "Ruwa ya tsaya, ina gani. Amma Malam Haladu, gidan ya ɓace."

"Ga mu a cikinsa."

"A wurin Ƙwaƙwalwa nake nufi. Da kunnen da ka cire take sanin mai gida na raye. In ta kwana ba ta ji motsi ba, za ta rubuta ba kowa, ta ba wani ɗakin." Ana jin yana bincike. "Akwai wani sashe a doka da ba a taɓa amfani da shi ba. In ba kunne, sai dai ma'aikaci ya je kowace safiya ya ga mai gida da idonsa. Kuma ina da banɗaki dubu huɗu a unguwarku da ke zuba irin wannan."

"To a zo mana," in ji Gwaggo. "Da can ma haka ake sani. Akwai koko."

Washegari Haladu ya dawo duba waya, ya tarar da Injiniya Nafi'u da kansa a ƙofa, don ofis bai sami wanda ya san aikin ba. Yana tsaye da allon hannu, yana kallon tsohuwar.

"Na tabbatar tana raye," ya faɗa wa allon.

"Durƙusa, ɗan nan. Ba a gaida babba a tsaye."

Injiniya ya durƙusa, gwiwarsa ta yi ƙara. "Ina kwana, Hajiya."

"Lafiya lau."

Ya jira. Ita ma ta jira. Can ya juyo wajen mai famfo, ya rage murya.

"Malam Haladu, daga nan kuma me ake cewa?"