Ƙanƙara Kafin Ruwa

Ranar Litinin da hantsi, Insifekta Ziyad Karam yana karyawa da gurasa mai za'atar, wato garin ganyen ƙamshi da riɗi, a ofis sai waya ta yi ƙara. An yi sata a mashayar Madam Najat da ke unguwar Jemmaize a Beirut. Ba a taɓa kwalba ko ɗaya ba. Littafi aka ɗauke.

"Littafin mahaifina!" in ji Madam Najat tun bai gama shigowa ba. "Shekara hamsin yana rubuta haɗe-haɗensa na abin sha a ciki da hannunsa. Ran Asabar yana cikin durowar nan. Jiya Lahadi ba mu buɗe ba. Yau na zo, wayam."

Ziyad ya duba ƙofa, ya duba durowar. Babu inda aka ɓalle.

"Su wa ke da makulli?"

"Ni, da Tanyus, da waccan." Ta nuna da haɓa.

Ma'aikata biyu ne a bayan kanta. Baba Tanyus, tsoho mai farin gashin baki, shi ke haɗa abin sha irin na da. Mirna kuwa shekararta biyu a wurin, ita ta kawo na zamani, masu ruwan wardi da hayaƙi.

"Wani otal a Dubai na nemanta," Madam Najat ta ci gaba. "In littafin bai fito ba yau, ta bar min wurina, kuma duk mai mashaya a Beirut sai ya ji dalili."

Mirna ta sunkuyar da kai, tana ta murza tsumman da ke hannunta.

Ziyad ya zagaya bayan kanta. A wurin wanke-wanke ya ga ƙaramin kofin gilashi, wani farin maiƙo ya daskare a jikinsa. Ya sansana. Arak ne, giyar gargajiyar ƙasar.

"Wa ya rufe ran Asabar?"

"Ni, yallaɓai," in ji Tanyus. "Kuma ban taɓa tafiya gida na bar kofi da datti ba."

"Wa ke buɗe littafin?"

"Ni kaɗai. Haka Madam ta sharɗanta."

Ziyad ya juya wajen Mirna. "Ke fa, maganar Dubai?"

"Ni ban san zancen ba," ta ce a hankali, kunnuwanta sun yi ja.

"To, haɗa mini na wuski da ɓawon lemu, irin na marigayi mahaifin Madam. Ba sha zan yi ba, ina bakin aiki. Kallo zan yi."

"Wannan?" Tanyus ya yi dariya. "Girgiza kawai ta iya, kamar mai korar aljanu."

Amma Mirna ba ta girgiza komai ba. Ta ɗauki dogon cokali ta juya a natse, sau talatin cif, ta murɗa ɓawon lemun a bakin kofi. Ziyad ya lura leɓen tsohon na motsi, yana ƙirgawa tare da ita.

"Baba, wa ya koya mata?"

Tanyus ya sosa ƙeya. "Duk Talata da rana nake buɗe mata littafin. Ta haddace shi kaf, yallaɓai. Me za ta yi da takarda?"

"Dubai kuma tun makon jiya na ce musu a'a," in ji Mirna. "Kunyar faɗi nake yi."

Ana cikin haka wani saurayi ya shigo da baƙin tabarau a goshi. Nadim ne, ɗan wan Madam Najat, haihuwar Montreal ta ƙasar Kanada, ya zo hutu yana kwana a gidanta.

"Goggo, har yanzu ba a tafi da ita ba?"

"Ina ka wuni jiya?" in ji Ziyad.

"Batrun, bakin teku. Tun safe har magariba."

"Madalla. Zafi ake yi, kowa ya haɗa wa kansa arak, mu zauna mu yi magana."

Tanyus ya zuba arak, ya bi shi da ruwa har ya yi fari kamar madara, sannan ya jefa ƙanƙara. Mirna ma haka. Nadim kuwa ya cika kofinsa da ƙanƙara tukuna, ya kwarara arak a kai. Nan take farin maiƙo ya taso ya manne a gilashin.

Tanyus ya dafe kai. "Wayyo! Ƙanƙara kafin ruwa? Yaro, wa ya yi renonka?"

Ziyad ya ɗauko kofin da ya tsinta, ya ajiye kusa da na Nadim. Ba ka iya bambanta su.

"Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ba ya wannan kuskuren, ko da barci yake yi. Makullin goggonka a ina yake kwana?"

Nadim ya cire tabarau, ya ajiye a kan kanta.

"A jakarta," ya ce. "Littafin kakana ne, Goggo! Na roƙe ki in kwafa, in buɗe wuri da sunansa a can, kika hana. Yana cikin akwatina. Daren jiya da na shigo ne na ɗan sha, don in samu ƙarfin hali."

"Kuma ka zuba ido a kori yarinyar mutane?"

Nadim ya kawar da kai. Ziyad ya kama shi a gwiwar hannu. "Mu biya ta akwatin, sai ofis ka rubuta bayani."

Madam Najat ta bi su har ƙofa. "Yallaɓai, bai karya ba, a ba shi wani abu." Sai ta dawo ta tsaya gaban Mirna. Ta gyara mata wuyan riga. "Yi haƙuri, 'yata."

Ziyad na tura Nadim cikin mota ya jiyo muryar Tanyus daga ciki.

"Akwai shafuka biyar a ƙarshen littafin da ba a rubuta komai ba. In ya dawo, ki sa naki mai ruwan wardin."

"Da gaske, Baba?"

"Da fensir dai tukuna."