Waƙar Baban Auta

Ranar da ya zo neman izinin sake rera waƙar marigayi babanta, Auta ce ta buɗe masa ƙofa, hannunta duk kumfar wanki. Ya tsaya yana ta inda-inda, ya manta abin da ya kawo shi. Kaset ake ce masa a sutudiyo, don muryar duk da ya ji sau ɗaya sai ya kwaikwaye ta tsaf. Waƙar kuwa kowa ya san ta, Baba ya yi wa Mama ita tun suna saurayi da budurwa.

Mama ta ce ya rera ta ji. Kaset ya gyara zama ya ɗauko ta sak, har da ɗan tarin da ya kufce wa Baba a baiti na biyu. Wai shi nan burgewa! Mama ta miƙe ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Izini dai ta bayar ta bakin Auta, amma ta ce kada ya ƙara tako mata gida.

Lambar wayar Auta da ya karɓa don maganar izini kuwa tuni ta koma ta hira.

"Amshina, kin ci abinci? Yau ban tsinana komai ba sai tunanin kumfar nan ta hannunki."

"Kaset sarkin zance. Wannan kuma a bakin wa ka ji ka haddace?"

"Wallahi wannan nawa ne."

Auta ta karanta ya fi a ƙirga. Ta kamu, kamu mai tsanani.

Sai komai ya fara lalacewa. Waƙar ta fito, ba wanda ya waiwaye ta. Mutane suka ce in Baba suke son ji, ai ta asali na nan. Kawun Kaset ya zo nema masa auren Auta, Mama ta ba shi ruwa ta ba shi haƙuri. Ga wani mai kantin magani da ke son Auta, mutumin kirki, kullum yana aiko gaisuwa. Da Auta ta yi kuka ta gaji, Mama ta zaunar da ita a bakin gado.

"Ba ƙinsa nake ba, Auta. Amma duk ranar da yaron nan ya buɗe baki sai na sake binne babanki. Haka kike so in ƙare rayuwata?"

Auta ta tashi ta fita.

Shi kuma Kaset, maimakon ya hankalta, sai ya ɗauka kwaikwayon ne bai kai ba. Ya koma sutudiyo yana ta matse maƙogwaro don ya kamo siririyar muryar Baba, har muryarsa ta dushe gaba ɗaya. Likita ya hana shi magana, ya ce da wuya ta dawo yadda take. Kunya ta hana shi gaya wa Auta. Ta kira ta kira bai ɗaga ba, ta ɗauka ya gaji da ita, sai ta tura masa saƙo.

"Na gode da shirunka. Da ka faɗa min da bakinka, da ya fi min sauƙi."

Wata ranar da la'asar sai ga shi a ƙofar gida, ya rame, riƙe da tsohon kaset ɗin Baba da ta ara masa. Da ƙyar take jin abin da yake faɗa. Ya gaya mata komai, ya ce ba murya, ba aiki, ba yardar Mama, ta auri mai kantin maganin kawai, Allah ya sa alheri.

Ta ce to, amma ya rera mata sau ɗaya tukuna. Ya ce da wace muryar? Ta ce da wadda ta rage.

Ya rera ƙasa-ƙasa, a hankali, don numfashinsa ba ya kai shi ƙarshen layi. Muryar na karcewa kamar tsohuwar ƙofa. Tarin Baba bai ma tuna da shi ba. Idonsa na kan Auta, yana gaya mata kalmomin ɗaya bayan ɗaya kamar yau aka fara faɗarsu. Duk cikinsu ba wanda ya lura Mama na tsaye bakin taga, dutsen guga a hannunta.

Da ya gama ya juya zai tafi, sai Mama ta yi magana.

"Kai yaro, wannan ba waƙata ba ce. Tawa na cikin kaset ɗin nan. Wannan ta Auta ce." Ta share ido da gefen mayafi. "Ka ce wa kawunka ya dawo."

Murya dai ba ta dawo ba, sai aikin haɗa sauti ya koma yi wa wasu. An ɗaura aure ba hayaniya. Da ya durƙusa gabanta, Mama ta ce Allah ya yi musu albarka, ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari, sannan ta ce ya rera. Ya rera da dusasshiyar muryarsa, Auta na yi masa amshi tana hawaye. Wannan karon Mama ba ta tashi ba har ya kai ƙarshe.