Fitila Shuɗiya a Ƙarƙashin Kallabi

A garin Gure akwai wata yarinya ƴar aji biyar. Idan ta ga abu mai kyau, sai duk unguwa ta sani.

Kawunta Illa mai gyaran rediyo ne. Shi ya haɗa wa lakwal ɗinsu, wato makarantarsu, ampili, akwatin ƙara murya, don bikin ƙarshen shekara. Yarinyar za ta yi waƙa a bikin. Kakarta ma ta taso tun daga Kelle don ta ji ta, ga shi kunnenta ya yi nauyi.

Ana gobe biki, Kawu ya buɗe tafinsa. Ƴan fitilu ne uku kamar ƙwayar wake.

"Zaɓi wadda za mu sa a gaban akwatin," in ji shi. "Ja, koriya, ko shuɗiya?"

"Shuɗiya, Kawu! Ban taɓa ganin irinta ba!"

Ya yi dariya, ya liƙa ta. "Aikinta ɗaya ne. In tana ci, akwatin yana shan batir. In an gama, a kashe."

Da la'asar Kawu ya tafi masallaci. Ina yarinya za ta iya haƙuri! Ta kira ƙawayenta Mairamu da Yabawa, ta kunna akwatin. Fitila ta haska, suka yi ta tsalle. Can sai ga muryar Kawu a ƙofa. Ta ruɗe, ta cire kallabinta ta rufe fitilar. Ba ta kashe ba.

Da safe Kawu ya murɗa maɓalli. Shiru, batir ya ƙare. Ya ɗaga kallabin, ya dube ta.

"Akwatin nan ya fara ɗaura kallabi ne?"

Hawaye suka cika mata ido. "Ni ce, Kawu. Na kunna, na ji tsoro, na rufe. Yanzu Kaka ba za ta ji ni ba."

"Da kin faɗa jiya, da sauƙi. To, ɗauko baro, mu je neman batir."

Ita ta tura baron cikin yashi har tasha. Gumi sharkaf, hannu na zafi. Aisami direba ya ji labari, ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ara musu batirin motarsa.

Suna isa lakwal, mushe, wato malaminsu, yana kiran sunanta. Kawu ya haɗa waya. Fitila ta kama, shuɗi tar! Yarinya ta rera waƙarta, murya ta cika fili.

Kaka ta miƙe ta rangaɗa guɗa. "Na ji ki, ƴar nan! Ko kalma ɗaya ba ta wuce ni ba!"

Daɗi ya kama yarinyar. Ranar ta gane cewa rufe kuskure ba ya gyara shi, faɗarsa da wuri ita ce gyara. Ta je da kanta ta kashe akwatin, ta tsaya sai da ta ga fitilar ta mutu.