Ɓarawon Da Ya Bar Inji

Ana saukowa daga masallacin Juma'a Malam Tukur ya faɗo caji ofis, hula a hannu, yana haki. Wai an sace masa jirgin ruwa.

Sufeto Abdulhamid ya ɗago kai ya dube shi. Ya ga satar babur, ya ga satar raguna, amma satar jirgi a tsakiyar unguwar Arkilla, inda ruwan famfo ma sai an yi sa'a, wannan kam sabuwa ce.

Malam Tukur tsohon ma'aikacin gwamnati ne. Da ya yi ritaya sai ya ƙwallafa rai a kan kamun giwan ruwa a madatsar Goronyo, ya zuba kuɗin sallamarsa a kan jirgin katako na hannu, da inji, da kayan fatsa. Ƙanen matarsa, Faruk, dillali ne, shi ya je Yawuri ya sayo jirgin. Washegari Asabar za a kai shi ruwa a gwada tare da Anas, babban ɗan Malam Tukur. Sharaɗin shi ne, in ya yi yoyo ciniki ya warware.

Faruk ɗin ma ya biyo shi ofis cikin farar shadda, kuma tun ba a tambaye shi ba ya ba da sunan ɓarawo.

"Yallaɓai, Bashar na. Masuncin da Malam yaɗ ɗauka shi tuƙa jirgin. Shi ad da makullin ƙofar baya."

Sufeto ba ya son mutumin da amsarsa ke riga tambaya fitowa. Amma makulli makulli ne. Aka je Kwalkwalawa aka taho da Bashar, aka jefa shi bayan kanta. Matarsa Hajara ta biyo shi da goyo, ta tare Sufeto a bakin ƙofa.

"Ranka shi daɗe, in anka ce masunci ɓarawon jirgi na, wa zai sake ba shi jirgi? Da mi za mu ci?"

Maganar ta tsaya masa a rai. Ta nemi gindin dogon yaro ta zauna.

Da safiyar Asabar Sufeto ya isa Arkilla. Ba a ɓalle ƙofa ba. A ƙarƙashin rumfa ga inji nan a jingine. Gefensa akwatin kayan fatsa: doguwar igiya mai darma wadda ake ja a bayan jirgi, manyan ƙugiyoyi, da kifayen ƙarfe masu ƙyalli da ake yaudarar giwan ruwa da su a can cikin zurfi.

"Malam, tsakanin injin ga da jirgin, wanne yaf fi tsada?"

"Inji mana, nesa ba kusa ba."

"Mutum guda na iya ɗaukarsa?"

"Ƙwarai."

Ruwa ba ya tsami banza. Wane irin ɓarawo ne zai tsallake abin da zai saɓa a kafaɗa, ya ɗauki abin da sai an kira ƙarti?

Ya tsuguna inda jirgin ya zauna. Ana tsakiyar bazara, ƙasa ko'ina ta bushe ƙamas, amma nan taɓo ne tun daga kai har gindi. A cikin taɓon ya tsinci ɓarɓashin kwalta, da wani guntun katako mai shuɗin fenti. Ya murza shi, ya marmashe kamar burodi.

"Wa yaz zuba ruwa nan?"

"Ba kowa. Faruk ya hana, yac ce fenti bai bushe ba."

Daga bayan labule matar gidan, Jummai, ta yi gyaran murya. "Ranar Alhamis na ga Bashar shina jidar ruwa da bokiti. Malam bai nan. Faruk dai na zaune."

"Jiya da azahar kina ina, Hajiya?"

"Na tahi suna. Makullina na rataye ɗaka."

"Wa yas san za ki fita?"

"'Yan gida dai."

Sufeto ya koma ofis ya sa aka fito da Bashar, ido ya yi zuru-zuru.

"Ka zuba wa jirgin ruwa?"

"Ban taɓa shi ba, Yallaɓai."

Sufeto ya ajiye guntun katakon a kan tebur. "An gan ka da bokiti. Matarka na waje tun jiya, ɗiyarka na kuka. Wa kake rufa wa asiri?"

Bashar ya ɗauki guntun katakon ya juya shi a hannu.

"Haka muka yi, Yallaɓai. Jirgin katako in ya hito ruwa, sai a cika mai ciki don kada rana ta buɗe shi. Mai lahiya zai ɗiga kaɗan, katako shi kumbura, shi daina. Wanga bai daina ba. Na danna gindin da yatsa, yatsa ya shige. Ruɓaɓɓe na, kwalta da fenti anka lulluɓe shi da su."

"Ka gaya wa Malam Tukur?"

"A'a. Faruk nig gaya ma."

"Don mi?"

"Ƙanen matatai na. Ina ni ina tozarta mutum gaban surukinai? Nac ce shi hwaɗi da bakinai, ya fi mutunci. Yac ce in ba shi zuwa Juma'a."

Haushi ya kama Sufeto, tausayi ma ya kama shi. Kara ce ta kai bawan Allah bayan kanta, kuma ko a can bai fasa yin ta ba.

Jirgi ba allura ba ne. Sufeto ya zaga tashar masu a-kori-kura yana tambayar wanda bai samu sallar Juma'a ba jiya. Aka nuna masa wani direba, shi kuwa bai ja da nisa ba: wani mai farar shadda ne ya ɗauke shi da 'yan dako, ya buɗe ƙofa da makulli, suka kai kayan wurin masu faskare a Gawon Nama.

Da la'asar Sufeto ya ɗauko Malam Tukur da Faruk a mota, wai za a duba wani abu. Faruk ya sha surutu a hanya. Suna karya kwanar Gawon Nama bakinsa ya mutu.

Rabin jirgin ya riga ya zama itacen girki. Sauran rabin na kife, shuɗin fentinsa na ƙyalli. Mai faskare ya ajiye gatari yana washe baki.

"A'a, Alhaji, ka dawo? Iccen ga naka ba ya ko jin gatari, da hannu muka ɓare shi."

Malam Tukur ya matsa, ya danna gindin jirgin da babban yatsa. Yatsan ya nutse. Ya juyo a hankali.

"Faruk. Cikin wanga za ka bari in sa Anas tsakiyar Goronyo?"

Faruk ya zube a ƙasa. "Wallahi Malam don haka niɗ ɗauke shi! Yasasshe nis samu da araha, nis sa anka shahe shi. Na ɗauka zai yi ko shekara. Da Bashar yan nuna man, barci ya ƙaurace man. Ran Anas nic ceta!"

"Kalma guda ta isa ta ceci Anas," in ji Sufeto. "Ba ta buƙatar mota, ba ta buƙatar makullin yayarka. Kanka kac ceta, ka ɗora wa wanda yar rufa maka asiri."

Kurtun da ya rako su ya danna masa ankwa. A bakin mota Faruk ya turje.

"Yallaɓai, don Allah kada Yaya Jummai ta ji."

"Kunyar da Bashar yaj ji maka, ita ta kwana da shi bayan kanta. Ni ba ni da irinta. Shiga mota."

Da suka isa ofis Hajara na nan a gindin dogon yaro. Sufeto bai jira kurtu ba, shi da kansa ya karɓi makulli ya buɗe wa mijinta.