Ƙugiyar Farko a Mayankar Ƙosau

Ku da kuke tsayawa bakin titi kuna kallon motocin sanyi suna gangarawa tashar jiragen ruwa, kuna haɗiyar yawu, ku saurare ni. Ban taɓa zama a aji ba, amma na feɗe shanun da in aka shimfiɗa fatunsu za su rufe garin nan har da maƙabartarsa. A cikin duk waɗanda suka yi aiki a mayankar Ƙosau, ni kaɗai na rage da ƙafafuna da hankalina. Ni kaɗai. Ku je ku tambaya.

Ƙosau ɗan aminina ne. Mu muka laƙaba masa sunan, don tun yana ƙarami ba ya iya jiran tukunya ta nuna. Ya gaji 'yar mayanka daga ubansa: ƙarfe ɗaya na rataya, 'yan ƙugiyoyi, da ɗakin sanyi mai inji da ke tari kamar ni. Ba mugu ba ne, wannan ku riƙe. Gidansa akwai tsohuwarsa, da matarsa, da ƙaninsa direba, da 'yarsa tilo da ake kira Kumatu saboda fuskarta. Kullum in ya zauna cin abinci, lomar ƙarshe tata ce, da hannunsa yake sa mata a baki.

A lokacin ne baƙi suka fara zuwa daga ƙetare neman nama. Ƙasarmu ta noma ce da kiwo, rediyo kuma ba ta da zance sai cewa kasuwar za ta ninka, wanda ya shiga yanzu ya haye. Baƙin suka zo mana da fararen riguna, suka ɗora namanmu a sikeli. To, nama in ya kwana a sanyi tsotsewa yake yi, nauyinsa ya ragu, ga shanunmu dama tafiya ta cinye su. Suka girgiza kai, suka kai cinikin ga manyan kamfanoni.

"Baba, ka gani?" in ji Ƙosau. "Ba abin da namana ya rasa sai nauyi."

"To ka yi kiwo, ɗana."

"Kafin in yi kiwo jirgi ya tashi."

Abin da ya biyo baya shi ya faɗa min da bakinsa, ya maimaita har na haddace. Da rana tsaka ya je wurin wani boka a wata tsohuwar majema a bayan tashar manyan motoci. Ramukan jima cike da baƙin ruwa wanda ba ya motsi. Ƙahonni a jere jikin bango, duk bakinsu na kallon ƙasa. Wari kamar ya kayar da mutum, amma ko ƙuda ɗaya babu. A tsakiya an rataye tsohon ma'auni mai faranti biyu: ɗaya ɗauke da dutse naɗe da jan ƙyalle, ɗayan babu komai. Wanda babu komai ɗin shi ne ya rinjaya har ƙasa.

Bokan ƙato ne, ƙiba ta haɗiye masa wuya. A gefensa kare na kwance yana lasar kwanonsa, ƙashi da fata, ana ƙirga haƙarƙarinsa daga bakin ƙofa.

"Me kake nema?"

"Nauyi."

"Kowa shi yake nema. Me za ka bayar?"

"In jini ne, ina da shi."

"Jinin da kake wankewa da tiyo kullum? Ya yi arha a wurinka." Ya ƙura masa ido. "Kana ciyar da mutane?"

"Gidana ba a rufe tukunya."

"To kada ka rufe. Wanda ya ci daga tukunyarka, zai tallafa maka."

"Shi ke nan?"

"Ya yi maka kaɗan ne?"

Ya tsoma wata baƙar ƙugiya cikin ramin, ya ɗora ta a farantin nan da babu komai, ya yi magana da ita ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin jariri. Sannan ya ce Ƙosau ya lashe ta. Ya lasa. Ya ce ya rataye ta a farkon layin ƙugiyoyin mayankarsa, kada a ɗora mata nama, kada a sauke ta.

Duk sanda Ƙosau ya kawo nan a labarin sai ya kama hannuna. "Baba, na ga karen. Wallahi na gan shi. Kau da kai na yi."

Daga nan fa sai buɗi. Saniyar da muka rataye da yamma, da safe ta fi jiya nauyi, abin da ban taɓa gani ba tun da na riƙe wuƙa. Baƙin suka dawo, suka auna, suka sake aunawa, suka miƙa hannu. Aka ƙara layin rataya, aka zuba sababbin injuna, motocin sanyi suka cika harabar, kwantena na fita wata na shiga. Ƙosau ya sa aka riƙa dafa wa ma'aikata babbar tukunya da rana, nama har a ture.

Ni ban taɓa sa hannu a ciki ba. Da kwanona nake zuwa daga gida, abin da gumina ya saya. Masu hassada suna cewa wai rashin haƙori ne ya cece ni. Ƙarya suke. Basira ce.

Da farko abin dariya ne. Mahauta suna huda sabon rami a ɗamararsu suna tsokanar juna.

"Kai, matarka ta daina ba ka abinci ne?"

"Dubi mai magana! Iska in ta taso ka riƙe ƙarfe."

Suna ci kamar fari, suna ramewa kamar masu jinya. Likita ya duba, ya ce bai ga komai ba. Sai tsohuwar Ƙosau ta kwanta, ba ta tashi ba. Da muka zo ɗaukar makara muka sa ƙarfi irin na ɗaukar babban mutum, sai ta yi sama har muka yi tangaɗi. Muka kalli juna. Ƙosau yana baya, kansa a ƙasa. A makon ne nama ya yi nauyin da sai da ƙarfen rataya ya lanƙwasa.

Ƙaninsa kuwa, wata rana ya tsayar da mota a tsakiyar hanya, ya buɗe baya, ya rungume wata cinyar sa yana kuka. Da Ƙosau ya iso sai ya ce masa, "Yaya, ɗaga ka ji. Inna ce. Ni na saba ɗaga ta zuwa bayi, na san nauyinta." Har ya bar duniya a ɗaure yake. Matar Ƙosau ta bi. Mahauta suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, Ƙosau na zuwa gaisuwa kowane gida, ya kasa haɗa ido da marayu. Amma bai tsaya ba, don an ce masa jirgin baɗi ya fi na bana girma.

Sai ran da ya sa wa 'yarsa loma a baki, yatsansa ya taɓa ƙashi a inda kumatu suke.

Ya koma majema a guje.

"Zan sauke ƙugiyar."

"Sauke. Duk wanda ya taɓa cin tukunyarka zai biya a rana ɗaya."

"To zan rufe mayankar."

"Rufe. Ƙugiya ba ta san an rufe ba."

"In ba mai ci daga tukunyata fa?"

Bokan ya yi dariya har tumbinsa na rawa. "Kai ba ka ci?"

Ina gidan Ƙosau ranar, da azahar. Ya zauna da kwanonsa, yarinyar ta matso kamar kullum, ta buɗe baki. Bai ba ta ba. Ta yi dariya, ta zaci wasa ne, ta miƙa hannu. Ya buge hannun da ƙarfin da sai da na ji a jikina.

"Tashi! Kin cinye ni! Baba, tafi da ita, kada ta ƙara taka min gida."

"Abba, me na yi?"

Ya fita ya kifar da tukunyar ma'aikata da ƙafa, ya sallami sauran ma'aikatan, ya sa kwaɗo a ƙofar mayanka. Jirgi ya tashi ba namansa. Kamfanoni suka kwashe cinikin, motoci suka bi masu saye. Gari ya ce arziki ya haukata shi, ya zama marowacin da ya kori 'yar cikinsa a kan loma.

Ita kuwa a gidana, a tukunyar matata, ta fara tsayuwa da ƙafafunta. Takan je ƙofarsa ta buga. "Abba, ba abinci na zo ci ba, buɗe in gan ka." Yana ciki zaune, ya toshe baki da riga. Ni kaɗai yake buɗe wa. Ya dafa, ya ci shi kaɗai, ya wanke tukunya tas don ko kyanwa kada ta lasa, yana narkewa kamar kitse a rana.

"Baba, kada ka faɗa mata. Gara ta tsane ni da ta san da me na sayi motocin nan."

Ran da ya cika, da hannu ɗaya na ɗauke shi daga tabarma. Ni, da tsufana.

Na riƙe maganar har yarinyar ta yi aure ta haifi nata. Kumatun ba su dawo ba, sunan kawai ya rage. Da na faɗa mata, ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallon hannun da ya buge, sannan ta ce, "Wa ya ce masa muna son motoci?"

Yanzu na ji rediyo ta sake ɗaukar zancen nan, wai kasuwar ƙetare za ta ninka, wai wasu matasa suna zagaya tsohuwar mayankar suna leƙe ta taga. Ku nemi arziki, ban hana ku ba: ku yi kiwo, ku jira saniya ta yi nama da ciyawa. Amma duk nauyin da ya zo muku a kwana ɗaya, daga jikin wani aka yanko shi, kuma ba daga jikin baƙo ake fara yanka ba. In kun shiga, ku ɗaga kai ku dubi farkon layi. Ƙugiyar tana nan, ba tsatsa ko ɗigo. Wanda ya kau da kai, kada ya ce tsoho bai faɗa ba.