Katangar Mai Gadin Tudu

A can wani zamani, an yi wani ƙauye mai wani tsohon tudu, inda mutanen farko suka binne mamatansu. Dagaci ya sa wani mutum gadinsa.

Makiyayi ya zo, mai gadi ya kore shi. Mai itace ta zo, ya kore ta. Da ya gaji da kora, sai ya ce bari ya kewaye wurin da katanga. Ƙasa kuwa ga ta kusa. Kullum sai ya haƙi tudun, ya kwaɓa, ya ɗora.

Ran da ya gama, dagaci ya leƙa ciki, ya tarar da rami da fasassun tukwane.

Ya ce, "Malam, ina tudun?"

Mai gadi ya ce, "Ranka ya daɗe, dubi katangar tukuna. Ko akuya ba ta isa ta shiga ba."