Inuwa a Kan Farantan Sola

Ana kiran sallar la'asar wayata ta yi ƙara. Ina shago, na tuɓe takalmi zan yi alwala.

"Kai ne mai gyaran sola?" Muryar mace ce, a tsinke. "Don Allah ka zo yanzu. Batir ba ya cika, kuma da shi mahaifina yake numfashi."

Sana'ar nan ta koya mini cewa aikin kowa na gaggawa ne. Wani ƙwallo kawai zai kalla, amma in ka ji rantsuwarsa sai ka ce gidansa ne ya kama da wuta. Wannan muryar daban take, babu rantsuwa a cikinta. Na yi sallah, na ɗaure jakar kayan aiki a bayan babur, na bi kwatancen da ta yi mini.

Gidan yana can bakin gari, inda kwalta ta ƙare, turakun wuta ma ba su kai ba. Ita ta buɗe mini ƙofa. Malamar makaranta ce, har da alli a hannun rigarta, idanunta sun yi ja don rashin barci. Ta wuce da ni ɗakin tsohon kai tsaye.

Warin man zafi ne ya fara tarbata. Baba yana jingine da matashi, siririyar roba a hancinsa, ta bi ta kan zanin gado zuwa wata na'ura a ƙasa. Na'urar tana gurnani a hankali, ruwan da ke cikin 'yar kwalbarta yana ɓulɓul. Ita ke tace masa iskar da yake shaƙa. Huhunsa ya gaji, in ta tsaya ba ya jimawa.

"Da farko kafin azahar batir ya cika," in ji Malama. "Ya kai mu safe har da saura. Sai ya dinga raguwa, yau kaɗan, gobe kaɗan. Jiya kafin asuba ya ɗauke. Da kwali na yi ta yi masa fifita, yana kallona, yana neman iska."

"Janareta fa?"

"Ya ƙone, yana wurin mai gyara. Waɗanda suka haɗa mana solar kuma sun daina ɗaga wayata."

Na durƙusa gaban kayan a lungun falo. Inbata, na'urar da ke juya wutar batir zuwa ta gida, lafiyarta ƙalau. Na taɓa kawunan batir, babu wanda ya saki, babu tsatsa. Na bi wayoyi da hannu, babu mai zafi. Sai na dubi allon kwantirola, mai nuna yawan wutar da ke shiga batir. A waje rana tana dukan ƙeya, babu ɗigon gajimare, amma wutar da ke saukowa daga sama kamar ta ranar da hadari ya haɗe.

"Kuna wanke farantan solar?"

"Kullum da safe, da hannuna."

"To matsalar a sama take. Ina tsani?"

Daga cikin ɗaki muryar Baba ta fito, can ƙasa-ƙasa. "Ɗana."

Na leƙa.

"In ka hau, ka yi sallama."

Na ce to, Baba. A raina na ce ciwo ne, ko tsufa. Wa zan yi wa sallama a kan rufi, tankin ruwa? Ban yi ba.

Rufin na kankare ne, ya sha rana har zafinsa yana ratso takalmi. Farantan suna jere layi biyu, sun sha wanki, suna ƙyalli. Babu kashin tsuntsu, babu tsagewa. Na tsuguna da mitar awon wuta a hannu, kaina a sunkuye, ina gwada su ɗaya bayan ɗaya. Layin gabas lafiya. Ina matsawa layin yamma na ga abin da ke faruwa, har dariya ta kama ni. Inuwa ce. Inuwar ganye, mai faɗi, ta kwanta a kan farantan tana kaɗawa.

Mu masu sola ba mu da abokin gaba kamar inuwa. Kuma waɗanda suka yi aikin sun ɗaure farantan duka a waya ɗaya, kamar awaki a igiya guda. In ɗaya ya kwanta, sauran ma ba su tafiya.

Na ɗaga murya ko kaina ban ɗago ba. "Malama, an gano ɓarawon! Bishiyar nan ce. A rage mata rassa, shi ke nan."

Sai na ji ta a gindin tsani. "Wace bishiya?"

Na ɗaga kai.

Sama fayau. Daga bakin rufin har inda rana take, babu komai. Babu bishiya, babu bene, ko turke babu. Na sake duban farantan. Inuwar tana nan, rassa da ganye, tana kaɗawa. Iska kuwa ba ta motsi, gumin da ke wuyana ma bai sha ba.

Na leƙa tsakar gida. A yamma, kusa da katanga, ga wani kututture mai faɗin tabarma, ya bushe har ya tsattsage.

"Mangwaro ne," in ji Malama. Ta rage murya. "Masu haɗa sola suka ce zai tare rana, sai an sare shi. Baba yana asibiti lokacin. A gindinsa yake wuni tun muna yara. Da ya dawo ya ga wurin, hawaye kawai ya yi."

Ba zan ɓoye ba, ƙafata ɗaya har ta nufi tsani.

Sai inbata ta fara kuka daga ƙasa. Ƙit. Ƙit. Kukan da take yi in batir ya kusa ƙarewa.

Rana ta karkata, amma da sauran ƙarfinta. In na zare layin yamma daga igiyar, na haɗa na gabas shi kaɗai, batir zai samu abin da ya samu kafin magariba. In na sauka na hau babur, na san abin da za a wayi gari da shi a gidan nan. Matsalar ɗaya ce. Mahaɗan wayoyin suna ƙarƙashin layin yamma, a tsakiyar inuwar.

"Malama, ki sauke makunnin da ke gefen kwantirola. Kada ki ɗaga sai na ce."

Na ji ƙarar saukarsa.

Na kwanta rubda ciki, na ja jiki na shiga.

Sanyi. Kankaren da ke ƙona tafin hannu ɗazu, a nan sanyi ƙalau, kamar gindin randa. Ƙamshin ɗanyen mangwaro ya cika mini hanci, da na jiƙaƙƙiyar ƙasa. A saman kaina ganye yana shuu, shuu.

Na zura hannu ƙarƙashin faranti. Na laluɓo mahaɗa. Na matsa, ta zare.

A kan kankare, daidai fuskata, inuwar wani reshe ta gitta. Wasu abubuwa suna reto daga jikinsa. Na ɗauka 'ya'yan mangwaro ne.

Ƙafafu ne.

Dogaye da gajeru, a jere, suna lilo. Har da ƙanana, irin na yara.

Lilon ya tsaya.

Wani abu ya riƙe mini wuyan hannu a ƙarƙashin farantin.

Yatsu ne, busassu, masu kaushin ɓawon itace. Na ja, ko gezau. Na buɗe baki zan yi a'uzu, harshena ya manne.

"Ba ka yi sallama ba."

Ba a kunnena na ji ta ba. Cikin shuu ɗin ganyen take, muryoyi da yawa a haɗe.

"Sa... salamu alaikum."

"Yanzu?"

Riƙon ya ƙara ƙarfi. Na ji ƙashi yana shirin yin ƙara.

"Ba ni na sare ba," na ce. "Wallahi ba ni ba ne."

"Jaka iri ɗaya. Ƙarfe iri ɗaya. Kun hana mu inuwa, mun hana ku rana."

Ƙit. Ƙit. Ƙit. Kukan inbata ya ƙara sauri.

"Akwai tsoho a ƙasa," na ce. "Da ranar nan yake numfashi. In kun tare ta, ba zai kai safe ba."

Ganye ya yi tsit.

"Wane tsoho?"

"Mai gidan. Wanda yake zama a gindinku."

"Mai sallama?" Wata ƙaramar murya ce ta tambaya, ta yaro ko ta tsohuwa, ban sani ba. "Mun daina jinsa. Mun ɗauka shi ma kun sare shi."

Daga tagar ƙasa tari ya taso. Dogon tari, mai yankewa, sai wani dogon shiru kafin numfashi ya biyo.

Inuwar ƙafafun nan duka suka juya wajen tagar.

Ban san inda dabarar ta fito ba. Tsoro ne ya haife ta. "Ku sakar masa rana," na ce. "Zan yi muku inuwa. Farantan nan, samansu rana yake so, ƙasansu inuwa ce. Zan sauko da su, in kafa muku rumfa a kan kututturen. Gobe-goben nan."

Inbata tana ta kuka daga ƙasa.

"Kafin goben a ina za mu zauna?"

Kafin in buɗe baki suka ba kansu amsa.

"A taka inuwar," suka ce.

Yatsun suka saki.

Inuwar ta zame daga kan farantan kamar an ja zani. Ta taho ta kan kankare, ta shige ƙarƙashina. Zafin rana ya daki bayana. Wani nauyi ya sauka a kafaɗuna, kamar an aza mini buhun siminti.

Na mayar da mahaɗar da na zare. "Ɗaga!" na ƙwala. "Malama, ɗaga!"

Makunni ya yi ƙara.

Inbata ta yi shiru.

Na rarrafa zuwa tsani. Ina sauka na dubi bango, na ga inuwata. Kai nawa ne, ƙafafu nawa ne. Amma daga kafaɗuna rassa sun fita hagu da dama, ƙafafu suna reto a kansu.

Hannuna ya saki. Daga tsakiyar tsani na faɗo.

Malama ta rugo daga falo. "Wuta tana shigowa! Ta haura yadda take da farko! Me ka yi?" Sai ta ga fuskata. "Injiniya, lafiya?"

"Ki kashe komai, ki bar na'urar Baba kawai," na ce. "Kuma don Allah kada ki taka inuwata."

Ta dubi ƙasa. Ban san abin da ta gani ba. Ta ja baya, ta zagaye ni ta can nesa, ba ta ƙara tambaya ba.

Abin da farantan suka tara kafin faɗuwar rana, shi ya kai Baba safe, da ƙyar. Ban koma gida ba, ina da yara ƙanana. A tsakar gidan na kwana a zaune, ban yarda an kunna fitila kusa da ni ba.

Gari na wayewa na kira maƙocina mai walda. Ya zo da ƙarafuna, yana ta tsiya wai bai taɓa ganin mai sola ya bar rufi ya dawo ƙasa ba, ko tsoron tsani nake ji? Na ce masa e, ya yi walda ya bar surutu. Muka kafa ƙafafu kewaye da kututturen, muka sauko da farantan. Ni ina jan jiki kamar mai zazzaɓi. Muna aza farantin ƙarshe inuwarsa ta rufe kututturen, sai na ji kafaɗuna sakayau. Na zauna a ƙasa, hawaye suka zubo mini. Mai walda ya ce hayaƙin walda ne, na ce haka ne.

Tun daga ranar, in mai gida ya ce mini a sare bishiya don sola, sai in ce a nemi wani wurin, ko a nemi wani mai aikin. Abokan sana'a suna cewa na zama malamin gona. Su yi ta faɗa. Wuyan hannuna har yau in na shiga inuwa sai ya yi sanyi.

Bayan wasu makonni na koma duba aikin. Kafin azahar batir ya cika taf. Malama ta yi ƙiba, idon ya washe. Ta ƙara wa robar hancin tsawo, na tarar da Baba a ƙarƙashin rumfar a kan babbar tabarma, ya jingina da kututturen, ƙirjinsa yana hawa yana sauka a natse. Shi kaɗai, a can gefe ɗaya.

Wannan karon tun daga nesa na yi sallama. Ya amsa, ya ɗan saurara, kamar mai jiran wasu su gama tasu amsar.

Na tuɓe takalmi, na nufi inda tabarmar take fili zan zauna.

"A'a, ɗana, ba nan ba," in ji Baba. Ya ja numfashi mai tsawo, ya sauke shi lafiya lau. "Da mutane a nan. Zo ta gefena."